Yadda ake lissafin bishiyoyin da za su zagaye gona, irin wanda ake kawo wa yara a jarabawa

Wannan lissafin ya taɓa kunyata ni a gaban Babanmu, shi ya sa duk yaron da ya zo min da shi wajen lesin ba na masa dariya ko da shirme ya kwaso. Lokacin na gama sakandare ina jin kaina, sai Baba ya ce yana so a zagaye wata 'yar gonarmu ta bayan gari, nan ƙasar Ringim, da darbejiya saboda iska da kuma masu cin iyaka. Tsawon gonar mita 60, faɗinta mita 40, kuma za a bar mita 5 tsakanin kowace bishiya da 'yar uwarta. Na zauna da biro na buga na ce dashe 44 za a sayo. Baba bai ce uffan ba ya miƙo kuɗi. Da muka gama dasawa da yamma sai ga guda 4 a cikin ledarsu babu ramin da za a saka su, ya dube ni ya ce "to ɗan boko, waɗannan a kanka za mu dasa su?" Har yau ƙannena suna tsokanata da maganar.

Irin tambayar nan tana fitowa tun daga aji biyar da shida na firamare, tana zuwa a komon entiras, tana sake ɓullowa a ƙaramar sakandare, kuma kusan kullum kamarta ɗaya ce. Za a ba ka fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa biyu daidai suke faɗinsa biyu ma daidai suke, wanda littafi ke kira rektangul, a ce an dasa wani abu a gefensa da tazara iri ɗaya, guda nawa ne. Wani lokacin bishiya ce, wani lokacin turakun waya ne ko fitilu, duk ɗaya ne.

Abu na farko da nake sa yara su yi, kafin su taɓa ninkawa ko rabawa, shi ne su zana filin. Ba wani zane mai kyau ba, akwati kawai, ka rubuta 60 a sama da ƙasa, 40 a dama da hagu. Da yawa suna ganin ɓata lokaci ne amma wallahi rabin kuskuren a nan yake mutuwa, domin yaron da bai zana ba shi ne zai tara 60 da 40 ya samu 100 ya ce ya gama kewaye, alhali rabin gonar kawai ya zaga.

Daga nan sai ka nemo kewayen filin, abin da malamai ke ce wa ferimita. Ka ɗauka ka tashi daga kusurwa ɗaya kana bin iyaka da ƙafa har ka dawo inda ka taso, tafiyar da ka yi ita ce kewaye. 60 + 40 + 60 + 40 = mita 200. In kana son gajeriyar hanya ka tara tsawo da faɗi ka ninka biyu, 100 sau 2, nan ma 200 ce. A kula a nan, tarawa ake yi ba ninka tsawo da faɗi ba. Wanda ya yi 60 sau 40 ya samu 2,400 to girman cikin gonar ya nemo, in ya raba da 5 zai ga 480, kuma ko a ido ka san ba a dasa darbejiya 480 a gefen 'yar gonar da za ka zagaye a cikin minti uku.

Mataki na uku shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, don haka zan ɗan daɗe a kai. In ka raba kewaye da tazara, abin da ka samu ba bishiyoyi ba ne tukuna, yawan giɓi ne, wato wuraren da ke tsakanin bishiya da bishiya. 200 a raba da 5 ya ba da 40, giɓi 40 ke nan. Tambayar da za ka yi wa kanka yanzu ita ce, layin nan a rufe yake ko a buɗe?

Ɗaga hannunka ka duba. Yatsu biyar ne amma tsakanin yatsu huɗu ne. Haka duk layin da yake da farko da ƙarshe yake, abubuwan sun fi giɓin yawa da guda ɗaya. Ni yadda nake nuna wa yara a zaure shi ne in tsayar da su biyar a jere in ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi, in ce ku ƙirga riƙo nawa ne, su ce huɗu. Sai in ce to na farko da na ƙarshe ku zagayo ku riƙe hannun juna kamar 'yan mata za su yi gaɗa, yanzu riƙo nawa ne, su ce biyar. Yara biyar riƙo biyar. Shikenan sirrin. In layi ya zagayo ya haɗe da kansa, yawan bishiya daidai yake da yawan giɓi, ba ƙari ba ragi, saboda bishiyar da za ta zama ta ƙarshe ita ce dai ta farkon da ka riga ka dasa.

To gonar Baba kewaye ce a rufe, giɓi 40, bishiya 40. Amsa ke nan. Wanda ya rubuta 41 ya haddace "a ƙara ɗaya" ne bai san inda ake ƙarawa ba, ya zo zai dasa ta arba'in da ɗaya a ramin ta farko.

Ni kuma ta ina na samo 44 ɗina? Gefe-gefe na bi. Na ce gefen mita 60 giɓi 12 ne don haka bishiya 13, gefen mita 40 giɓi 8 ne bishiya 9, kuma har nan ban yi kuskure ba. Sai na tara 13 + 13 + 9 + 9 na samu 44. Abin da na manta shi ne bishiyar da ke kan kusurwa ta gefe biyu ce, ta gabas ce kuma ta arewa ce, na ƙirga ta sau biyu, kusurwa kuwa huɗu ce. 44 a cire 4 saura 40. Hanyar ba laifi gare ta ba, ma ina son yara su riƙa amfani da ita wajen duba amsarsu, in ka bi ta kewaye ka samu 40 ka bi gefe-gefe ka cire huɗu ka sake samun 40 to ka kwantar da hankalinka. Kuma akwai tambayar da da gangan a haka ake kawo ta, a ce akwai bishiya 13 a kowane dogon gefe da 9 a kowane gajeren gefe har da na kusurwa, duka nawa ne, ana jiran mai gaggawa ya faɗa ramin da na faɗa.

In har yanzu yaro bai gamsu ba kar ka tsaya yi masa dogon bayani, gani ya kori ji. Ku fita tsakar gida ku ja layi a ƙasa, taki 6 da taki 4, ku samo tsakuwa ko ƙwallon dabino ku riƙa ajiye ɗaya duk bayan taki 2, ku fara daga kusurwa. Kewaye 20, a raba da 2, goma. Ya ƙirga da hannunsa zai ga goma ne cif. Ko a ɗakin jarabawa in kai ya ɗaure ana iya yin wannan a bayan takarda da ɗige-ɗige, ƙaramin fili ka gwada dokar a kansa sannan ka koma kan babban.

Yanzu layin da yake a buɗe. A ce gefe ɗaya kawai za a dasa, wanda ya kalli hanya, mita 60, tazara mita 5, kuma a dasa a farko da ƙarshe. 60 a raba da 5 giɓi 12, ka ƙara ɗaya, 13. In aka ce hagu da dama na hanyar ne sai ka ninka biyu bayan ka ƙara ɗayan, 26, ba wai ka haɗa mita 120 ka raba ka ƙara ɗaya ba, wannan 25 zai ba ka kuma kuskure ne domin layi biyu ne kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Irin jerin bishiyoyin kare iska da ake gani a wajajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, da lissafin buɗaɗɗen layi ake ƙirga su. Kano da Jigawa duk suna cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar bishiyoyi don tare hamada ya shafa, to ka ga ba lissafin takarda kawai ba ne a wajenmu.

Inda masu saita tambaya suka fi kama yara shi ne inda fili yake kama da rufaffe amma a buɗe yake. Misali filin makaranta mita 30 da mita 20, dogon gefe ɗaya katanga ce ba za a dasa a nan ba, sauran gefe ukun za a dasa duk mita 5. Kar ka nemo kewaye duka. Tara abin da za a dasa kawai, 20 + 30 + 20 = 70, a raba da 5 giɓi 14. Wannan layin ya tashi daga jikin katanga ya ƙare a jikin katanga bai haɗe da kansa ba, in ka miƙar da shi kamar igiya doguwar hanya ce kawai. In an ce a dasa har a bakin katangar duka biyu, 15. In an ce ba a dasa a jikin katanga ba, sai ka cire na farko da na ƙarshe, 13. Karanta tambayar sau biyu, amsar tana cikin 'yar kalma ɗaya.

Haka maganar ƙofa. Mu koma gonar Baba, a ce za a bar mashiga mai faɗin mita 10 don amalanke ta riƙa shiga ɗaukar kara, bishiya ɗaya a kowane gefen mashigar. Ƙofar ta yanke zoben ya zama buɗaɗɗe. 200 a cire 10 saura 190, a raba da 5 giɓi 38, a ƙara ɗaya 39. Ko ka duba ta nan, da 40 ne, mashigar mita 10 giɓi biyu ce aka haɗe, bishiyar tsakiyarsu kawai aka cire, saura 39. Amma da mashigar mita 5 ce ba abin da zai canza, giɓin da yake nan ne dama aka mayar ƙofa.

Sai maganar awo, wadda ba ta da wahala amma tana cinye maki. Lambu mita 12 da mita 9 za a kewaye da lalle, tazara santimita 50. Ba a raba mita da santimita kai tsaye. Kewaye mita 42 ne, mita ɗaya santimita 100, ya zama 4,200, a raba da 50 ya ba da 84. Ko ka ce santimita 50 rabin mita ce, kowace mita tana cin biyu, 42 sau 2, 84 dai.

Wata ranar kuma ta baya ake shigo da tambayar, a ba ka yawan bishiyoyi a ce ka nemo filin. An dasa mangwaro 36 a kewayen gona, tazara mita 4, tsawon gonar mita 44, nawa ne faɗinta? Tunda zobe ne a rufe, bishiya 36 giɓi 36 ne, 36 sau 4 kewaye mita 144. Raba shi biyu ka samu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya a haɗe, 72. Cire 44 saura 28. Faɗi mita 28. Yawancin yara a nan suke cire 44 daga 144 kai tsaye su rubuta 100, su ba ka gonar da faɗinta ya ninka tsawonta fiye da biyu ko a jikinsu. In ka samu amsa ka mayar da ita kan zanenka ka zaga, 44 + 28 + 44 + 28, in ba ta ba da 144 ba ka san akwai matsala.

Ɗan uwan wannan shi ne wanda ba a ba ka tsawo ba ba a ba ka faɗi ba, sai dai a ce tsawon ya ninka faɗin biyu. Bishiya 30, tazara mita 3, kewaye 90, rabinsa 45. Ka ɗauke shi kamar rabon kaso, faɗi kaso ɗaya tsawo kaso biyu, kaso uku ke nan. 45 a raba uku 15. Faɗi 15 tsawo 30. Ba sai ka kira wani x ba in ba ka saba da shi ba.

In tazarar ake nema ya fi komai sauƙi. Fuloti ƙafa 100 da ƙafa 50, kana da zogale 30 kana so su zagaye shi daidai wa daida. Kewaye ƙafa 300, a raba da 30, duk ƙafa 10 ka saka ɗaya.

Akwai wani abu da littattafai da yawa ba sa tsayawa a kai kuma ni a ganina ya kamata a tsaya. Kewaye zai iya rabuwa da tazara cif amma bishiya ta ƙi faɗawa kan kusurwa. Ɗauki gona mita 50 da mita 30, tazara mita 4. Kewaye 160, a raba da 4, 40, lafiya lau a takarda. Amma je ka dasa. Ka fara daga kusurwa, 4, 8, 12, har 48, saura mita 2 ka kai kusurwa ta biyu, bishiya ta gaba sai ta sha kwana ta faɗa mita 2 cikin ɗaya gefen. In tambayar ba ta ce komai kan kusurwa ba 40 ɗin za ka rubuta. In kuwa ta ce dole kowace kusurwa ta samu bishiya to tazarar sai ta raba tsawo ita kaɗai ta raba faɗi shi kaɗai ba saura, kuma 4 ba ta raba 50, ba ta raba 30. Manomi ma kusurwar ce ta fi damunsa, don ita ce shaidar iyaka ranar da aka zo gaban mai unguwa.

Daga nan ne tambayar 'yan sakandare take fitowa, wadda ake cewa fili mita 48 da mita 36, a dasa a kowace kusurwa, tazara iri ɗaya, mene ne mafi ƙarancin bishiyoyin da za a buƙata. Ƙarancin bishiya yana nufin tazara mafi faɗi. Ka jero lambobin da ke raba 48 kuma suna raba 36, za ka samu 1, 2, 3, 4, 6, 12. Babbar cikinsu 12. Kewaye 168, a raba da 12, bishiya 14. Kalmar "mafi ƙaranci" ce ke ruɗa yara su ɗauko ƙaramar lamba, alhali babbar ake so.

Kar kuma a haɗa "a kewaye" da "a cika". In aka ce gonar Baba duka za a cika da dabino layi-layi mita biyar-biyar har kan iyaka, to layi 9 ne kowanne da bishiya 13, 9 sau 13 = 117. Na cikin da ba su taɓa iyaka ba layi 7 ne masu 11, 77. In ka cire 77 daga 117 me ya rage? 40 ɗin nan tamu ta gefe. Na sa mita biyar ne don lissafi ya tafi, dabino na gaske ya fi son fili fiye da haka, masu gonarsa a wajen Dutse sun fi ni sani.

Sannan mai cewa "gonata hekta ɗaya ce, nawa zan saya" bai ba ka abin da za ka yi aiki da shi ba. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. In mita 100 da 100 ce kewayenta 400, bishiya 80 a tazarar mita 5. In kuma doguwa ce mita 200 da 50, hekta ɗaya ce dai amma kewayenta 500, bishiya 100. Sai an auna gefe.

In da gaske dasawa za ka yi ba jarabawa ba, ga abin da na koya bayan kunyar da na sha. Kar ka dasa a kan iyaka tsaf, darbejiya tana yin inuwa tana miƙa saiwa, maƙwabci zai ce ta cinye masa gero. In ka matso ciki da mita ɗaya ta kowane gefe to tsawo ya ragu da mita 2 ba ɗaya ba, faɗi ma haka, gona mai 62 da 42 ta koma 60 da 40, da sabon awon za ka yi lissafi. Fara kafa turaku a kusurwa huɗun, ka ja igiya daga turke zuwa turke. In kana so kusurwar ta tsaya daidai kamar ta gini, samo igiya mita 12 ka yi mata ƙulli a mita 3 da mita 7, ku uku ku riƙe, ɗaya ya haɗa bakin igiyar biyu sauran su riƙe ƙullin ku ja ta miƙe, gefen zai zama 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai, magina ma haka suke yi. Sai ka yanki kara ko igiya daidai tazararka kana aunawa kana sara alama da fartanya, ka gama alamomin duka ka ƙirga su kafin ka haƙa rami ko ɗaya. Dashen kuma a bari damina ta zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, a yi masa shinge da ƙaya saboda awaki.

Huɗun nan da suka yi saura kuwa Inna ce ta jera su a gindin randa tana zuba musu ruwan alwala. Kafin kaka awaki sun cinye uku a gonar, da su muka cike gurbin, ta huɗun tana nan ƙofar gidanmu, a inuwarta nake yi wa yaran lesin yanzu. Jiya na ba su wannan su kawo min ranar Asabar: gona mita 72 da mita 48, tazara mita 6, an bar mashiga ta mita 12 a dogon gefe ɗaya da bishiya a kowane gefenta, kowane dashe naira 300, nawa za a kashe. Biyu daga cikinsu sun riga sun rantse min 40 ne bishiyoyin.